Ƙugiya

Ƙarfe huɗu na yamma a Sheffield, duhu ya riga ya sauka.
Taragon lantarki na kuka a kwanar titi.
Mu uku a ɗaki, da farin allo, da shayin da ya huce.
Gethin ya rubuta tambayar da jan alƙalami:
in an tambayi kalma tsawonta, me za ta ce?

Shi bayit yake so a ƙirga.
Ya fi sauri, in ji shi. Na'ura ba ta san harafi ba,
ƙwaya take gani, kamar mai awon gero.
Na karɓi alƙalamin, na rubuta ƙasa.
Nawa? Ya ce huɗu.
Na ce a mudunka biyar ne,
ƙ ɗin nan gurbi biyu take ci.
Sare ta a tsaka ka ga abin da zai fito:
baƙin tabo, da alamar tambaya zaune a cikinsa.

Na san tambayar nan.
An ɗaura mini ita a wuyan hannu daren da na haihu:
?ayyaba.
Ungozoma ta dubi robar, ta dube ni,
ta ce yaya ake faɗa?
Naƙuda ta kama ni, ba ni da numfashin koya wa kowa ɗ.

To a ƙirga lambobi, in ji Gethin,
kowane harafi da lambarsa a Yunikod, shi ke nan.
Meenakshi ta ajiye kofi.
Ta zana ƙarshen sunanta da rubutun gidansu,
ƙulli ɗaya a ido, lambobi huɗu a ciki.
Ta ce raba su, ka mayar da ni wata.

Muka yi shiru. Bututun ɗumama ɗaki yana ƙwanƙwasa kansa.

Ban gaya musu duka ba.
A aji ɗaya Malama Tasalla ta sa mun rera sh da ts,
kowanne harafi guda, da sandarta a kan allo.
Dangin uwata a Maraɗi suna rubuta ƴaƴa,
dangin ubana a Funtuwa suna rubuta 'ya'ya.
Na tambayi na'ura ko daidai suke, ta ce a'a.
Yaran kuwa su ne dai,
suna gudu tsakanin gidajen biyu ba takalmi.

Kafa da ƙafa.
Bata da ɓata.
Ɗan lanƙwasan da bai kai ƙwayar shinkafa ba,
amma cire shi, mai kafa gida ya koma taka shi.

Na ce kada mu ba ta tsawo.
Mai tambaya ya faɗi abin da yake ƙirgawa:
bayit, ko lamba, ko abin da ido ke kira harafi.
Ƙofa uku, babu ta baya.
Gethin ya ce za su zage mu,
mutum na son ya tambaya sau ɗaya a ba shi amsa.
Na ce su zaga.

Ya daɗe yana juya murfin alƙalami.
Can ya tashi ya rubuta ll a gefen allo, ƙanana,
ya ce kakarsa ma ɗaya take ƙirga wannan,
shekara ashirin bai tuna ba.

Kafin mu tashi na rubuta gwajin farko.
Sunana na sa.
A yanka, a juya, a mayar manyan baƙaƙe, a dawo da shi.
Allon ya yi kore. Ƙugiyar tana nan.

A gida, wasiƙar harajin gunduma na jira a bakin ƙofa,
ruwa ya ɗan taɓa ta.
Dayyaba.
Na laluba jaka na ciro biro,
na tsaya a tsaye da rigar sanyi a jikina,
na maƙala mata abinta,
sannan na buɗe na ga nawa suke bina.